Ban da bindiga da jirgin yaƙi, wace hanya ce take kawo ƙarshen ta'addanci?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon dattawa da masanan da ke wannan zaure su taimaka mini da haske a kan wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Ni ɗan kasuwa ne, masara da dawa nake saye a ƙauyuka ina kawowa Kaduna, kuma hanyar Birnin Gwari ita ce hanyar cin abincina tun ina bin ubangidana. Akwai shekarun da ba ma bin ta sai mun taru a Buruku mun jira rakiyar sojoji, wani lokaci tun hantsi har bayan azahar, motoci a jere, kowa ya cusa kuɗinsa inda yake ganin hannu ba zai kai ba. Daga baya ma na haƙura da zuwa gaba ɗaya. Tun da aka yi sulhun watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗanda aka ce sun tuba, aka kuma buɗe karar shanu da ta daɗe a rufe, na koma bin hanyar, kuma ba zan ɓoye ba, na amfana.

To amma a zuwana na ƙarshe, muna cikin awo sai abokin cinikina ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya nuna mini wani saurayi da ke tayin takalmin roba a rumfar da ke kallonmu. Ya ce mini a hankali, "Alhaji, ka ga wancan? Da shi aka tashi garinmu." Saurayin yana ta raha da mai takalma, shi kuwa abokina ya sunkuyar da kai ya ci gaba da zuba masara a buhu, bai sake ɗagowa ba sai da yaron ya wuce.

Tun daga ranar na rasa matsaya. Na ga shekarun da jiragen yaƙi suka yi suna ruwan wuta a daji ba tare da hanyar ta buɗe ba, na kuma ga sulhu ya buɗe ta, amma idon abokina ya hana ni jin daɗin ribar. Tambayata ita ce, tsakanin ruwan bama-bamai da zama kasuwa ɗaya da wanda ya kashe naka ba tare da an ce masa uffan ba, babu wata hanya ta uku ne? Akwai inda aka taɓa kawo ƙarshen irin wannan masifa ba da yaƙi ba, kuma abin ya ɗore?

Tsohon Hedimasta, Kawo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a ba ka amsa ya kamata a raba maka abubuwan da ka haɗa, domin rikicin maƙwabta daban ne, ɓarawon daji daban ne, mai aƙidar da ya kafirta jama'a ya halatta jininsu shi ma daban ne, kuma ba lallai ne maganin wannan ya yi wa wancan ba. Ni na farkon na sani, a cikinsa na tsufa, don haka a kansa zan tsaya.

Ina aikin koyarwa aka yi rikicin Kafanchan a 1987, aka yi na Zangon Kataf a 1992, wanda ya faro daga gardama kan mayar da kasuwa wani sabon wuri, sannan aka yi na Shari'a a cikin garin nan na Kaduna a watannin Fabrairu da Mayu na 2000, inda aka rasa rayuka fiye da 1,000. Kowane karo abu ɗaya ake yi: a turo sojoji, a sa dokar hana fita, a kafa kwamitin bincike. Ba na raina aikin soja, domin a barikinsu na tsira da iyalina, amma abin da soja yake iyawa shi ne ya tsayar da kisan wannan makon. Ba ya taɓa abin da ya kawo kisan, shi ya sa muka yi ta komawa gidan jiya.

A 2000 ina haya ne a Kakuri. Maƙwabcina Kirista ne mai aiki a masaƙa, shi ya ɓoye mu kwana biyu a ɗakin ajiyar kayansa, ya jingina tsohuwar katifa a ƙofar, matarsa tana miƙo mana ruwa a buta ta ƙasan katifar, shi kuma yana zaune a bakin ƙofar gida yana ce wa matasa mun gudu tun da asuba. Bayan ƙura ta lafa na kwashe kayana na dawo Kawo, su kuma Kiristocin da ke wannan ɓangare suka kwashe nasu suka nufi Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi, kogin Kaduna ya zama mana iyaka.

Abin da na ga ya rage wutar daga baya ba makami ba ne. Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙirƙiro sababbin masarautu a kudancin jihar, ƙabilun da suka daɗe suna kukan an ɗora musu sarautar da ba tasu ba suka sami nasu sarakunan, wannan ya cire ƙaya guda babba. Sannan a ranar 22 ga Agusta 2002 malamai da limaman coci 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, kuma cikin waɗanda suka yi wahalar haɗa ta akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Waɗannan mutane biyu da can jagororin matasa ne masu gaba da juna. Fasto ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, amma daga 1995 suka fara aiki tare, har suka shiga tsakani a Yelwan Shendam ta Jihar Filato aka sa hannu a kan sulhu a 2005. Gaskiya ɗaya ce, wata uku kacal bayan yarjejeniyar Kaduna aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002, mutane fiye da 200 suka mutu, kuma a lokacin mutane da yawa sun ce takardar banza ce. Amma daga nan garin ya yi shekaru takwas da 'yan watanni ba a yi babban rikici ba sai na bayan zaɓen 2011, har a 2006 da aka yi tashin hankalin zanen ɓatanci a Maiduguri da Katsina, Kaduna ta zauna lafiya, saboda an riga an sami mutanen da ke da lambar wayar juna, waɗanda in jita-jita ta tashi da dare suke fita su tare ta kafin gari ya waye.

Sai dai ban so ka ɗauka mun warke. Wani ɓangare na shirun da muke ciki rabuwa ce ta saye mana shi, domin jikokina da suka tashi a Kawo ba su da aboki Kirista ko ɗaya, ni kuwa da a ce ba ni da shi, da ba ni ke rubuta maka wannan ba.

Maman Khalifa, Rigasa:

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya, na karɓi maganarku a kan rikicin maƙwabta, domin maƙwabcinka yana da gida da 'ya'ya da kunya, kuma gobe ma dole ku haɗu a bakin rijiya. Amma ina roƙon kada a ɗauki wannan darasi a shafa wa 'yan bindigar daji. An sace ƙanena a gonarsa, ya yi kwana 47 a hannunsu, muka sayar da gonar gado da shanun huɗa biyu, muka kai kuɗin, sannan suka ce sai an ƙara da babur sabo da katin waya. Ya dawo da shatar sarƙa a idon sawunsa, kuma har yau in ya ji ƙarar babur da dare sai ya tashi ya shiga bayan ƙofa. Da aka zo sulhu babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu ya tambaye mu ko mun yafe. An yafe ne a madadinmu.

Kuma ba yau aka fara ba. Gwamna Aminu Masari ya yi sulhu a Katsina a 2016, ya sake yi a 2019, daga baya ya fito da bakinsa ya ce sun ci amanarsa, ba zai ƙara ba. Gwamna Bello Matawalle ya yi nasa a Zamfara a 2019. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamba 2020, ya zo Gusau a Fabrairu 2021 ya miƙa bindigogi ya rantse da Alƙur'ani, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, can wasu 'yan'uwansa ɓarayi suka kashe shi. Duk yaron ƙauyen da ya kalli wannan ya koyi cewa wanda ya riƙe fartanya babu mai zuwa ya zauna da shi, amma wanda ya riƙe bindiga gwamna ne ke zuwa da kansa. Sulhun da aka bar wa mutum bindigarsa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kuma sau da yawa ma ba a kashe shi ba, an dai nuna masa gidan maƙwabta, domin in an yi sulhu a wannan ƙaramar hukuma sai hare-haren su koma wadda ke kusa da ita.

Alhaji Ɗan Tudun Wada, ba na ganin laifinka don ka koma neman abincinka. Ni dai abin da nake so masu kiran sulhu su gaya mini shi ne, ina matsayin ƙanena a cikin lissafinsu.

Mai Nazari, Samaru:

Hajiya Maman Khalifa, Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya mayar muku da alheri. Ba zan musa ko ɗaya daga cikin misalanki ba, haka suka faru. Abin da zan ce shi ne, kuskuren da muke yi a ƙasar nan shi ne ɗaukar cewa zaɓi biyu ne kawai, ko jirgi ko tabarmar sulhu, alhali mafi yawan abin da ya yi aiki a duniya yana tsakaninsu ne.

A 2008 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka, wadda ba a san ta da ƙin aikin soja ba, ta bi diddigin ƙungiyoyin ta'addanci 648 da suka wanzu tsakanin 1968 da 2006. Cikin waɗanda suka zo ƙarshe, kashi 43 cikin 100 sun ƙare ne ta hanyar shiga siyasa, kashi 40 ta aikin 'yan sanda da leƙen asiri, kashi 10 saboda sun cimma burinsu, kashi 7 kacal ƙarfin soja ya gama da su. Wannan kashi 40 ɗin shi ne abin da ba mu cika magana a kansa ba, kuma shi ne hanya ta ukun da Alhaji yake tambaya: a bi sawun kuɗin fansa, a kama mai kai harsasai da man fetur da ƙwayoyi, a gano ɗan leƙen asirin da ke zaune cikin gari, a kare mai ba da shaida, a kai mutum kotu a yanke masa hukunci a bainar jama'a. Ɗan bindiga ba ya ƙera harsashi a daji, kuma shanun da ya sace ba a daji ake yanka su ba. A ƙarshen 2021 an gwada wani abu mai kama da haka a nan Kaduna da Zamfara, aka toshe layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, amma da yake an yi wa kowa kuɗin goro, manomin da ba shi da laifi ne ya rasa hanyar kiran agaji. Aikin bincike yana bukatar a ware mai laifi daga cikin jama'a, wannan kuwa sai da 'yan sandan da mutane suka yarda da su har za su iya raɗa musu magana.

Abu na biyu shi ne, ƙarfi in ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, yana haifa wa abokan gaba sababbin mayaƙa. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da tsofaffin 'yan ƙungiyoyin tsattsauran ra'ayi a Afirka, ta fitar da rahoto a 2017, inda kashi 71 cikin 100 suka ce abin da ya ingiza su a ƙarshe shi ne wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Mu ba ma bukatar rahoto ya gaya mana. An kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, aka ɗauka an gama, sai abin ya dawo a hannun Shekau ya fi da muni. A nan ƙofarmu, daren 3 ga Disamba 2023, jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Amurka ta yi shekara 20 a Afganistan da duk makamanta, a ƙarshe a Doha ta zauna da Taliban a 2020, kuma a Agusta 2021 suka shiga Kabul.

Amma tambayarki, Hajiya, a Kolambiya aka fi ba ta amsa. Gwamnatin ƙasar ta yi shekara huɗu tana tattaunawa da 'yan tawayen FARC a Habana, babban birnin Kuba, kuma aka kai mutum 60 daga cikin waɗanda aka zalunta, rukuni biyar, suka zauna ido da ido da ɓangarorin biyu suka faɗi abin da aka yi musu. Da aka kai yarjejeniyar ƙuri'ar raba gardama a Oktoba 2016 jama'a suka ƙi ta da ɗan ƙaramin rinjaye, saboda irin dalilinki, sai da aka gyara ta. An karɓi makamai ƙarƙashin idon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kafa kotu ta musamman wadda in mutum ya faɗi gaskiya duka ya amsa laifinsa za a taƙaita masa walwala shekara biyar zuwa takwas yana aikin gyara ɓarnar da ya yi, in ya ƙi aka kama shi da hujja zai iya shan ɗaurin shekara 20. Duk da haka wasu sun ɓalle sun koma daji. A Ailan ta Arewa an sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a 1998 bayan mutuwar kimanin mutum 3,500, amma sai a 2005 ƙungiyar 'yan tawaye ta IRA ta gama rabuwa da makamanta, kuma kafin nan sai da aka sake wa rundunar 'yan sanda suna da tsari, aka riƙa ɗaukar rabin sababbin ma'aikata daga cikin Katolika, waɗanda a da suke kallonta a matsayin ta abokan gaba.

Ga inda namu ya bambanta, kuma dole a faɗa. FARC da IRA suna da shugabanci guda, in babba ya sa hannu na ƙasa zai bi. 'Yan bindigarmu daba-daba ne masu yawan gaske, kowane kachalla da yaransa, har junansu suke kashewa, don haka hannun ɗaya ba ya ɗaure ɗaya. Afuwar da marigayi 'Yar'aduwa ya yi a Neja Delta a 2009 ta tsayar da faɗa, an yi wa kimanin mutum 30,000 rajista ana ba su Naira 65,000 a wata, amma shekaru sun ja ana biya, kuma ta koya wa wasu cewa tayar da hankali sana'a ce. Akwai kuma inda soja ya gama yaƙi, kamar Siri Lanka a 2009, sai dai da asarar dubban fararen hula. Ko guguwar miƙa wuyan da aka gani a Borno bayan mutuwar Shekau a 2021 ba ta zo don wa'azi kaɗai ba, matsin lamba ya haɗu da buɗaɗɗiyar ƙofa, domin da babu sansanin karɓar tubabbu irin na Malam Sidi a Gombe da na Maiduguri, da wanda ya gaji da daji ba shi da inda zai nufa.

Almajirin Zaure, Unguwar Sanusi:

Malam Mai Nazari ya kai mu nesa, ni kuwa ina so in nuna cewa abin da Hajiya take nema yana cikin littattafan da muke karantawa a zaurukanmu. Masu son sulhu sukan kawo aya ta 61 ta Suratul Anfal, wadda ta ce in abokan gaba suka karkata ga zaman lafiya kai ma ka karkata, da sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan Hijira, wanda sharuɗɗansa suka yi wa sahabbai ɗaci amma ya zama buɗi. Masu son yaƙi kuma sukan kawo aya ta 33 ta Suratul Ma'ida a kan hukuncin 'yan fashi. Kowa yakan tsaya inda ya yi masa daɗi. Ayar da ke bin ta, ta 34, ta togace waɗanda suka tuba tun kafin a ci ƙarfinsu, wato ƙofar dawowa a buɗe take. Amma mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya yi bayanin cewa in ɗan fashi ya zo yana mai tuba, haƙƙin Allah ne ake sauke masa, haƙƙin mutane kuwa na dukiya ko na jini ana bin sa da shi. Ke nan a mazhabarmu ta Malikiyya shugaba yana iya ɗage haddin fashi, amma ba shi da ikon yafe gonar ƙanen Hajiya, kuma jinin wanda aka kashe magadansa ne kaɗai za su zaɓi ƙisasi ko diyya ko afuwa. Haka kuma aya ta 9 ta Suratul Hujurat ba ta ce a yi sulhu kawai ba, ta ce a yi shi da adalci, kuma wanda ya ƙetare iyaka bayan haka a yaƙe shi har ya dawo.

Game da masu aƙida kuwa, Sayyidina Ali ya aika Abdullahi ɗan Abbas ya yi muƙabala da Khawarijawa kafin a zare takobi, kuma ruwayoyi sun nuna dubbai sun dawo daga rakiyarsu. A zamaninmu Muritaniya ta yi irin wannan a 2010, manyan malamai suka shiga kurkuku suka zauna da fursunoni masu wannan ra'ayi suna bin hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, aka saki waɗanda suka janye, tare da cewa ƙasar ba ta yi sakaci da tsaron iyakokinta ba. Mu kuwa malaman da suka tsaya suka yi wa Boko Haram raddi da ilimi tun farko, da yawansu an bar su ba kariya, kuma Malam Albani na Zariya a 2014 aka harbe shi.

Ɗan Rugar Ladduga:

Ina gaida dattawa. Ni Bafulatani ne, kuma ba na kare ɓarawo, domin mu aka fara sace wa shanu tun kafin a fara satar mutane a kan titi. Abin da nake so a sa cikin lissafi shi ne yadda aka yi aka zo nan. A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, akwai burtali da labi da mashaya da kowa ya sani. A hankali aka nome su, aka yanka wasu aka ba manya. Da can in shanu suka yi ɓarna, mai unguwa da ardo ne suke zuwa gonar su ƙiyasta, a biya a rabu kafin magariba. Da wannan ya mutu, sai makiyayi ya zama saniyar tatsa, ɓarnar da ba ta kai buhu biyu ba sai ta ci masa bijimi kafin ya fito daga hannun masu shari'a. Sannan 'yan sa-kai suka zo, ana kama mutum a kasuwa a yanka shi don kamanninsa kawai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da aka kashe ubansa a gabansa, aka kore garkensu, bai taɓa shiga aji ba, shi ne kachalla yake samu a arha. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 a nan Kaduna hedikwatarta take, amma a zagaya rugage a ƙirga makarantun da ke da malami a cikinsu.

Shi ya sa nake ganin buɗe kara a Birnin Gwari ba ƙaramin abu ba ne, domin Bafulatanin da zai iya shiga kasuwa ya sayar da saniyarsa ya koma lafiya ba ya bukatar ɗan bindiga ya yi masa dillanci. Amma na yarda da Malam Almajiri, a biya haƙƙi, kuma a biya ta kowane ɓangare, har da na rugagen da aka ƙona.

Ɗan Kagoro, Sabon Tasha:

Baba Hedimasta, maganar maƙwabcinku ta taɓa ni, domin mu ma wani Bahaushe mai shago ne ya fitar da yayata daga Tudun Wada a 2000. Ƙari kaɗan nake da shi. A Maris 2016 al'ummomin ƙananan hukumomi biyar na kudancin Kaduna sun sa hannu a kan yarjejeniya a Kafanchan, amma kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a Godogodo da kewaye. A 2017 gwamnatin jiha ta kafa hukumar zaman lafiya. Abin da na lura da shi a garinmu shi ne, duk inda aka kama wanda ya yi kisan farko aka ga an kai shi kotu, ba a cika samun ramuwar gayya ba, inda kuwa aka yi shiru, ko taro nawa aka yi a otal, matasa sai sun rama a kan wanda ya fi kusa da su.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, ki yi wa ƙanenki sannu. Jiya da dare na kira abokin nan nawa na karanta masa abin da Malam Almajiri ya kawo daga Risala. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ba ya neman a kashe yaron, shanunsa tara yake so a dawo masa da su ko kuɗinsu, kuma a nuna masa inda aka binne wansa. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa zuwa ya rubuta sunansa da abin da ya rasa, ya ce babu. Mun yi da shi ranar kasuwa mai zuwa zan tafi da littafi da biro, mu fara da mutanen garinsu da ke zaune a gefen tasha, sannan mu kai wa hakimi. In akwai lauya a zauren nan, ina so ya gaya mini abin da ya kamata a rubuta a gaban kowane suna, da wanda ya kamata ya sa hannu a ƙasa domin takardar ta karɓu.